Sharhi: Discogs da Farashin Tsofaffin Faya-fayan Soul

Mai tara tsofaffin faya-fayan garmaho na kiɗan soul na baƙaƙen Amurka, musamman ƙananan nan masu inci 7 da ke juyawa sau 45 a minti, tambayoyi biyu ke binsa kullum. Wannan faifan bugun asali ne ko na baya? Nawa kuma ya cancanci a biya? Na daɗe ina aiki da Discogs, shafin intanet na bayanan faya-fayai da cinikinsu, a kan duka biyun. Wajen gane bugu ban ga kamarsa ba. Wajen farashi kuwa, alƙalumansa suna da amfani ga faifan da ake yawan cinikinsa, amma da zarar an kai ga faifan da ya yi wuya sosai, sai su daina faɗin gaskiyar kasuwa.

Kevin Lewandowski ne ya kafa Discogs a shekarar 2000, kuma masu amfani da shi ne ke shigar da bayanan da kansu. Kowane bugu yana da nasa gurbin: kamfani, lambar kundi, ƙasa, shekara, hoton takardar tsakiya, da rubutun da ke jikin faifan. Wannan rarrabewa ita ce ƙarfinsa, domin a harkar soul waƙa ɗaya tana iya fitowa daga masana'antu uku a wata guda, kuma farashinsu bai zama ɗaya ba.

Ga yadda nake bi. Ina fara neman lambar kundi, ba sunan waƙa ba, don sunan waƙa yakan jawo bugu barkatai. In jerin ya fito sai in tace da ƙasa da shekara. Daga nan in karkata faifan ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, in karanta filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. A nan asirin yake. Alamar kusurwa uku tare da lamba, da haruffan MR cikin da'ira, na masana'antar Monarch ce ta Los Angeles, kuma lambar tana taimakawa wajen ƙiyasta lokacin bugu. Hatimin ARP na masana'antar Owosso ce a jihar Michigan, wadda ta buga wa kamfanin kiɗa na Motown faya-fayai da yawa kafin gobara ta cinye ta a 1972. Lambar da ta fara da ZTSC tana nuna aikin kwangilar Columbia ta Chicago, kuma ana yawan ganinta a faya-fayan ƙananan kamfanonin Detroit. Idan Discogs ya nuna cewa hatimi aka buga a na asali, naka kuwa da hannu aka karce lambar, to ka dakata. Sai dai kada a mai da wannan doka: akwai na asali da yawa da aka rubuta lambarsu da hannu tun farko. Kwatantawa ake yi, harafi da harafi, sannan a duba takardar tsakiya. Ta jabu takan zo da rubutu mai dishi-dishi da launi da ya ɗan kauce, saboda hoton ta asali aka ɗauka aka sake bugawa.

Jabu ya yi yawa a wannan fanni saboda tarihinsa. Matasan arewacin Ingila, a wuraren rawa irin su Twisted Wheel na Mancesta, Blackpool Mecca da Wigan Casino da ya yi aiki daga 1973 zuwa 1981, sun kamu da son waƙoƙin soul masu sauri na shekarun 1960 waɗanda ba su yi kasuwa a Amurka ba. Dave Godin, ɗan jarida mai shagon faifai a London, ne ya raɗa wa abin suna Northern soul. Masu sa faifai suna rufe takardar tsakiya, su ƙirƙiri sunan bogi, don kada abokin gasa ya gano waƙar. Da buƙata ta yi yawa, sai masu buga na jabu suka cika kasuwa a shekarun 1970. Yau waɗannan jabun sun kai shekara hamsin, sun tsufa, sun yi ƙura, don haka tsufan faifai ba hujja ba ce. Discogs yana yi musu alamar bugun da ba na hukuma ba, yana kuma hana sayar da da yawa daga cikinsu, wanda abin yabo ne.

Yanzu batun kuɗi, inda masu tarawa ke ta muhawara. A gurbin kowane faifai akwai adadin masu shi, adadin masu nemansa, da farashi uku: mafi ƙasa, na tsakiya, mafi sama. Ga faifan shahararrun mawaƙa irin su Supremes ko Otis Redding da aka buga da ɗimbin yawa, waɗannan lambobi sun wadatar, kuma za ka tarar da farashin ƙasa-ƙasa duk da shaharar waƙar. Matsalar tana fitowa ne a ɗaya gefen. Farashin tsakiya yana haɗa cinikin faifai mai kyau da na wanda ya sha jiki, don haka dole a buɗe tarihin ciniki a ga darajar kowane kwafi da ranar da aka sayar. In ciniki uku ne kacal cikin shekara goma, wannan ba farashi ba ne, labari ne. Haka kuma kuɗin da mai sayarwa ya rubuta ba shi ne kuɗin da aka biya ba; faifai yana iya shekara a jere ba wanda ya taya.

Manyan cinikin ma ba a nan ake yinsu ba. Waƙar Frank Wilson, "Do I Love You (Indeed I Do)", an buga ta a 1965 a tambarin Soul na kamfanin Motown, aka janye ta kafin ta shiga kasuwa. Kwafinta da aka sani ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ɗaya ya tafi a kan fam 25,742 a gwanjon dillalin faifai John Manship a 2009. Misali na biyu ya fi koyarwa. "Open the Door to Your Heart" ta Darrell Banks ta yi kasuwa a 1966 a tambarin Revilot na Detroit, don haka bugun Amurka ba shi da wuyar samu. Amma bugun tambarin London na Ingila an soke shi bayan haƙƙin ya koma hannun tambarin Stateside, kuma kwafin da ya tsira an sayar da shi fam 14,543 a 2014. Waƙa ɗaya, murya ɗaya, takardar tsakiya ce ta bambanta. Irin wannan ciniki sai a gwanjo ko tsakanin mutum biyu, shi ya sa nake haɗa Discogs da shafin Popsike, mai adana sakamakon gwanjon kasuwar intanet ta eBay, da kuma littafin farashi na Manship.

Masu cewa ƙarancin faifai shi ne darajarsa, rabin gaskiya suka faɗa. Akwai faya-fayai na ƙananan kamfanoni da mutum biyu ko uku kawai suka nuna suna da su, amma ba mai nema, don waƙar ba ta motsa kowa. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙaranci ya haɗu da buƙata, buƙatar kuma daga filin rawa take tasowa. "Tainted Love" ta Gloria Jones waƙar gefe na biyu ce ta wani faifai a tambarin Champion a 1965, ba wanda ya kula da ita sai da mai sa faifai Richard Searling ya fara sa ta a Ingila a shekarun 1970. Saboda haka abin da na fi dubawa shi ne tazarar masu nema da masu shi. Masu nema ɗari takwas, masu shi ashirin, wannan faifan zai yi tsada ko da tarihin cinikinsa babu komai. Akwai kuma masu ganin sake bugu na halal, irin na Kent ko Numero Group, yana karya farashin na asali. A abin da nake gani, sau da yawa ƙara masa masu nema yake yi, don a wuraren rawa da yawa ba a yarda a sa komai sai bugun asali.

Darajar lafiyar faifai tana bin ma'aunin mujallar Goldmine, daga sama: M (sabo fil), NM (kusan sabo), sai VG+, VG, G+, G har ƙasa. Ƙa'idar da aka saba ita ce VG+ ya kai kusan rabin kuɗin NM, VG kuma kashi ɗaya cikin huɗu. Mai sayarwa ne ke ba da darajar, yawanci da ido, kuma nan ne ido ke yaudara. Faya-fayan soul na Amurka da yawa, ciki har da na Okeh da sauran bugun Columbia da Monarch, ba da robar binil aka yi su ba, da wata roba mai tauri da ake kira sitirin ne. Za ka gane shi da rashin nauyi, da takardar da aka manna da gam a sama, da ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa gefensa da farce. Sitirin yana iya sheƙi kamar sabo alhali allura mai nauyi ta riga ta cinye ramukansa. Sai ka ji shuuu a daƙiƙun farko, inda mai sa faifai ya riƙa juya shi gaba da baya, da kuma tsatsagewar murya in mawaƙi ya ɗaga. Wankewa ba ta gyara wannan. Don haka kafin a biya kuɗi mai nauyi, a nemi mai sayarwa ya turo sautin faifan daga farko zuwa ƙarshe, da hoton lambar jikin faifan, ba na takarda kawai ba. A tambayi ko akwai rubutu a takarda, ko hujin da ake yi wa faifan da bai sayu ba, don duk suna rage kuɗi.

In faifan ya iso, a sa masa allura mai zagayen baki, nauyi tsakanin giram 2 zuwa 3 gwargwadon abin da kamfanin allurar ya tsara. Allura mai kaifin baki tana iya feƙe sitirin, har ka ga farin gari a kanta. A wanke da tataccen ruwa da buroshi mai laushi, a kiyaye kada ruwa ya taɓa takarda. A roƙi mai turowa ya cire faifan daga jakarsa, ya sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri, domin binil lanƙwashewa yake yi in ya sha zafi a hanya, sitirin kuwa tsagewa yake yi in an danne shi. A ƙasa mai zafi da ƙurar hunturu, a ajiye su a tsaye, cikin jaka mai rufi, nesa da taga da rufin kwano.