Fina-finai uku kan gidajen wanki na Ayalan: da wanne za ka fara?

An daɗe a ƙasar Ayalan ana tura 'yan mata wasu gidaje da sistocin cocin Katolika ke kula da su, wai don su tsarkaka daga zunubi. Wankin kayan mutane suke yi ba sisin kwabo, ƙofa a garƙame. Sai a 1996 aka rufe gida na ƙarshe a Dublin, a 2013 kuma firaminista Enda Kenny ya nemi gafarar matan a majalisa.

In kuɗinka na fim ɗaya ne, sayi The Magdalene Sisters na 2002, wanda Peter Mullan ya shirya, ya kuma ci babbar lambar bikin fina-finai na Venice. Labarin 'yan mata uku ne a 1964: ɗaya ɗan'uwanta ya yi wa fyaɗe a wurin biki, ɗaya ta haihu ba aure, ta ukun marainiya ce, laifinta kawai kyau da samari suka gani. Wadda aka zalunta ita aka kulle, wanda ya zalunce ta yana yawonsa. Na kalle shi na kwana da ɗacin rai. Akwai tsiraici da duka a ciki, don haka kada a kunna shi gaban yara.

Philomena na 2013 ya fi sauƙin kallo. Judi Dench ta fito a dattijuwar da ta shafe shekara 50 tana neman ɗanta, wanda ta haifa ba aure a gidan sistocin garin Roscrea, suka ba wasu Amurkawa. Abin da ya riƙe ni shi ne duk abin da aka yi mata bai raba ta da imaninta ba. Mai gudun kada fim ya zama zagin addini, da wannan ya kamata ya fara.

Small Things Like These na 2024 kuwa tafiyar hawainiya yake yi, mai gaggawa zai ƙosa. Cillian Murphy ya fito a mai sayar da gawayi a garin New Ross a 1985, wanda ya tarar da yarinya a kulle a rumbun gawayin sistoci, alhali duk gari sun sani sun yi gum. A bar shi na ƙarshe, ya fi shiga jiki bayan an ga na farkon.

Ko wanne ka zaɓa, nemi mai rubutu a ƙasan allo, domin Turancin mutanen Ayalan yana da wuyar kamawa.