Aikin zuciyar yarona a Abuja, ga abin da na gani a ICU

Iyaye da yawa suna tambayata ya muka ƙare da asibitin da aka yi wa yarona tiyatar zuciya a nan Abuja, to ga gaskiya. Ciwonsa Tetralogy of Fallot ne, lahani 4 a zuciya ɗaya, leɓe da farata su yi shuɗi, ya ɗan yi wasa sai ka ga ya tsugunna yana haki.

Aikin kansa Alhamdulillah ba abin da zan ce. Inda na fi yaba musu shi ne ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman, don a nan hankalina ya fi tashi, na ga nas tana ta huda masa yatsa tana auna suga, har aka ɗaura masa insulin, maganin saukar da suga, yaron da bai taɓa ciwon suga ba, ga jiki ya kumbura fitsari ɗan kaɗan a leda. Wata likita ta ja kujera ta ce Maman yaro kwantar da hankalinki, jiki in ya sha wuƙa kuma an ɗora shi kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, sai ya zubo da wasu sinadarai cikin jini da ake ce wa homon, na tashin hankali irin su kotisol da adirenalin, su ke ɗaga suga. Akwai kuma wani homon da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa suke ƙayyade ƙarin ruwa suna ba shi Lasix, maganin sa fitsari. Homon ɗin tairod kuwa, na ƙwayar wuyan nan da ke kawo maƙoƙo, wanda suke ce wa T3, faɗuwa yake bayan irin wannan aiki, yawanci kuma yana dawowa da kansa. Wallahi haka aka yi, suga ya sauka aka cire insulin, kumburi ya saɓe.

Abin da ya ɓata min rai gwajin tairod ɗin ne, ba sa yi a lab ɗinsu, baban yaro ya ɗauki jini cikin go-sulo zuwa wani wuri da kuɗinmu daban, sakamako kuma ya yi jinkiri. Sannan duk bayanin nan kamata ya yi a yi mana shi kafin tiyata, lokacin da ake sa hannu a takarda.

Zan tura ɗan'uwana can ba shakka. Amma ku tambaya tun farko waɗanne gwaje-gwaje ne ke cikin kuɗin da kuka biya, kuma ku nemi kwafin kowane sakamako don likitan yara zai buƙace su a ranar kilinik.