Na je ajin zanen asid a Paris, ga yadda ta kaya

Jama'a ranar Asabar na biya kuɗin ajin wuni ɗaya a wani ɗan shagon masu buga zane nan Paris, irin zanen da Faransawa ke kira eau-forte, wato ruwa mai ƙarfi, asid kenan. Abin da ya ja ni shi ne aikin Charles Meryon, mutumin da ya zana tsohon Paris a 1850 zuwa 1854. Akwai na 1853, wani dodon dutse a saman cocin Notre-Dame ya yi tagumi yana kallon gari, tsuntsaye na shawagi. Bawan Allah nan ba ya bambance launi, shi ya sa ya bar fenti ya koma baƙi da fari, kuma a asibitin masu taɓin hankali na Charenton ya rasu a 1868.

To aikin dai, za a ba ka farantin tagulla a shafe shi da kaki, ka ɗau allura ka yi ta karta, sai a tsoma a asid ya ci inda ka karta kawai, a wanke kakin a cusa tawada cikin layukan a goge sama da ƙyalle, sannan a ɗora takarda mai danshi a murza a inji. Ni kam zanen ƙwarya ya tuna min. Malamar tana da haƙuri wallahi, ta gaya mana komai a juye yake fitowa amma ina, na rubuta sunana daidai, da aka ɗaga takarda sai ga shi ta baya, kowa ya kwashe da dariya har ni.

Inda suka gaza, mun yi yawa kuma inji ɗaya tal, ina layi farantina ya daɗe a asid layukan suka yi kauri kamar an ja da gawayi, ba wanda ya duba min. Tarihin ma a gurguje ta wuce, ƙungiyar masu zanen asid da wani mai buga zane Cadart ya kafa a 1862, da masu zane su Manet da Bracquemond a ciki, minti biyu ta gama, alhali shi na fi so.

Kuɗin da ɗan tsada amma zan koma. In za ku je ku sa tsohuwar riga, tawadar nan yau kwana uku tana ƙarƙashin farcena.