Akwati rufaffe ko mai bututu: wanne ya dace da wufa mai inci 8 a ƙaramin ɗaki?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi wufa (mai fitar da bes, wato sauti mai kauri) guda biyu masu inci 8 da tiwita (mai fitar da siririn sauti) biyu, kana son haɗa lasifikar sauraron kiɗa a gida, kuma kafinta yana jiran ka ba shi awo, amma ka rasa ko za ka rufe akwatin ruf ne ko za ka sa masa bututu kamar yadda ake gani a yawancin na kasuwa. Ka kuma kawo alƙaluman da ke jikin takardar wufar: Fs 35 Hz (amon da faifan wufar ya fi son kaɗawa a kai idan ba ta cikin akwati, Hz kuwa shi ne adadin kaɗawa a daƙiƙa), Qts 0.38 (ma'aunin yadda wufar ke danne kaɗawarta a wannan amo), Vas lita 50 (yawan iskar da taurinta ya yi daidai da na ratayar da ke riƙe faifan), ga shi ɗakinka mita 4 ne a mita 3.5, ginin bulo da daɓen tayil. Da waɗannan alƙaluma ana iya yin lissafi na gaske maimakon hasashe, saboda haka da su zan yi aiki.

Duk abin da akwati yake yi shi ne raba iskar gaban faifan wufa da ta bayansa. Lokacin da faifan ya turo gaba yana matse iskar da ke gabansa, a daidai wannan lokacin kuma yana jan ta bayansa, don haka idan babu shamaki a tsakani sai ɓangarorin biyu su cinye juna, bes ya ɓace. Bambancin akwatunan biyu yana ga abin da kowannensu ke yi da sautin bayan.

Rufaffen akwati yana kulle shi ne a ciki. Iskar da aka tsare takan zama sifirin mai mayar da faifan mazauninsa duk lokacin da ya motsa, kuma gwargwadon ƙanƙantar akwatin, gwargwadon taurin wannan sifirin. Wanda ya fito da wannan dabara fili shi ne Edgar Villchur, wanda ya kafa kamfanin Acoustic Research a Amurka tare da Henry Kloss a 1954, suka fitar da lasifikar AR-1, wadda ta nuna cewa akwatin da bai kai girman kabad ba yana iya ba da bes mai zurfi matuƙar an yi wa wufar rataya mai laushi aka bar wa iska aikin riƙo. Ƙaramar lasifikar nan ta LS3/5A da injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1970 don motocin ɗaukar shirye-shirye ita ma rufaffiya ce, cikinta bai wuce kimanin lita 5 ba, kuma har yau masu sauraro suna nemanta.

Mai bututu ya girme dabarar Villchur a tarihi, domin Albert Thuras na ɗakin binciken Bell ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa tun 1932. Aikinsa irin na kwalba ne idan ka busa bakinta: iskar da ke wuyan kwalbar tana da nauyi, ta cikin kwalbar tana da tauri, su biyun kuma suna da amo guda da suka fi son kaɗawa a kai. A akwatin lasifika bututun ne wuyan, kuma idan kiɗa ya sauko kusa da wannan amo sai bututun ya karɓi aikin, ya riƙa fitar da bes alhali faifan wufar ya kusa tsayawa cik. Shekaru kusan 30 ana yin irin wannan akwati da gwaji da sa'a, har sai da Neville Thiele na Ostareliya ya wallafa lissafinsa a 1961, Richard Small na Jami'ar Sidni ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Alƙaluman da ka kwafo daga takardar wufarka ana kiransu alƙaluman Thiele-Small ne, da sunayen mutanen nan biyu.

A rufaffen akwati abin da ake nema shi ne Qtc (wato Qts ɗin wufar bayan an sa ta a akwati) na kusan 0.7, wanda shi ne ke ba da sauti shimfiɗaɗɗe ba tare da tudu ba kafin bes ya fara sauka. Ana raba Vas da girman akwatin, a ƙara 1, a ɗauki tushen murabba'i, sai a ninka abin da ya fito da Qts don samun Qtc, a kuma ninka shi da Fs don samun amon akwatin. Ga wufarka, lita 20 tana ba da Qtc 0.71 da amo a kan 65 Hz, kuma a nan ne ƙarfin sautin ya ragu da desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Awon ciki na santimita 40 a 25 a 20 ya ishe ka, sai ka ɗan ƙara saboda wurin da maganaɗisun wufar da katakon tokara za su ci. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙara girman rufaffen akwati yana zurfafa bes, amma idan ka kai shi lita 47, Qtc zai sauko zuwa 0.55, wurin raguwar desibel 3 kuma ya koma wajen 69 Hz, wato bai sauka ba, sai dai gangaren ya ƙara laushi.

Mai bututu kuwa, ga wannan wufa ɗin, yana son kimanin lita 47 da bututun da aka saita a kan 35 Hz, kuma bes ɗinsa yana riƙe ƙarfinsa har zuwa wajen 35 Hz ɗin kafin ya ragu da desibel 3. Akwatin ya ninka na farko fiye da sau biyu, misali santimita 60 a 30 a 26 daga ciki. Ribar kuma ba ƙarama ba ce. Amo mafi ƙasa na jitar bes mai tsirkiya huɗu yana kan 41 Hz, kuma a wannan wuri rufaffen ya riga ya yi ƙasa da desibel 8 zuwa 9, mai bututun kuwa da kusan desibel 1 kawai. Cike wannan giɓi da amfilifaya yana buƙatar ninka wutar da ake ba wufar sau biyar zuwa shida, faifan kuma ya yi ta kai da komo mai nisa har ya kusa iyakarsa. A kan takarda, kuma a fili inda babu bango, mai bututu ya yi nasara, ga shi Qts na 0.38 yana cikin rukunin da aka saba ba wa bututu, wato ƙasa da 0.4. Wannan cinikin shi ne abin da ake kira dokar Hofmann, da sunan Anton Hofmann na kamfanin KLH: ƙaramin akwati, zurfin bes da ƙarar sauti da wuta kaɗan, biyu kawai ake samu a cikin ukun nan.

Duk da haka ni rufaffen zan ba ka shawarar farawa da shi, kuma dalilina na farko ɗakinka ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai amon da ke tsayawa yana ƙaruwa, wanda ake samu idan aka raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Mita 4 tana ba da 43 Hz, mita 3.5 tana ba da 49 Hz. Bangon bulo da aka shafe da siminti da daɓen tayil ba sa shanye bes kamar yadda bangon katako na gidajen Turai da Amurka ke yi, mayar da shi suke yi kusan gaba ɗaya. Ke nan ɗakin da kansa zai ɗaga sautin da ke tsakanin 40 da 50 Hz, musamman idan lasifikar tana jingine da bango, kamar yadda take zama a yawancin ɗakunanmu saboda ƙarancin fili. Rufaffen akwati yana sauka a hankali, desibel 12 duk lokacin da yawan kaɗawar ya ragu da rabi, kuma abin da ya rasa a wannan yanki ɗakin yana mayar masa da wani kaso mai yawa. Mai bututun da ya iso wurin da cikakken ƙarfinsa, idan ɗakin ya ƙara masa, sai ka ji amo guda yana ruri a kowace waƙa, ganga da jitar bes sun cakuɗe, tagogi suna karkarwa. Yawancin abin da mutane ke kira bes mai jan ƙafa, suna ɗora laifinsa a kan bututu, a ganina haɗuwar bututu ce da ɗakin da bai dace da shi ba, ko kuma bututun da aka yanka ba bisa lissafi ba.

Dalili na biyu shi ne yafiya. Idan kafinta ya yi kuskure akwatin ya fito lita 16 maimakon 20, Qtc zai hau zuwa 0.77, amon ya koma 71 Hz, kuma da wuya kunne ya kama bambancin. Mai bututu ba ya ɗaukar irin wannan. A akwatin lita 47, bututun roba mai faɗin ciki santimita 5 yana buƙatar tsawon kusan santimita 6.5 don ya tsaya a kan 35 Hz, mai faɗin santimita 7 kuma yana buƙatar kusan santimita 15. Idan ka je shagon kayan famfo ba ka sami mai faɗin 5 ba, ka ɗauki mai faɗin 7 ka yanka shi a tsawon na farkon, saitin ya tashi zuwa wajen 46 Hz, daidai tsakiyar inda ɗakinka ke ruri. Siririn bututun ma yana da tasa matsalar, domin idan gudun iskar cikinsa ya haura wajen mita 17 a daƙiƙa sai ya fara huci da fito, shi ya sa ga wufa mai inci 8 bututu mai faɗin 7 ya fi, a kuma goge bakinsa ya zama mai lanƙwasa. Ga kuma batun alƙaluman kansu: sabuwar wufa takan fito da ratayarta a taurare, Fs ɗinta ya ɗara na takarda har sai ta yi aiki na wani lokaci, wufofi da yawa na kasuwa kuma ko takardar ba su da ita. Duk lissafin bututu a kan waɗannan alƙaluma yake tsaye, kuma idan sun kauce, shi ma ya kauce.

Akwai kuma lafiyar wufar. A ƙasa da saitin bututu akwatin ba ya riƙe faifan ko kaɗan, tamkar a fili yake, kuma sautin yana faɗuwa da desibel 24 duk raguwar rabi. Fashewar bam a fim, ko bugun da wasu amfilifaya ke yi idan wuta ta ɗauke ta dawo, suna iya jefa faifan har koyil, wato naɗin wayar da ke motsa faifan, ya daki ƙarfen baya. Maganin shi ne matatar da ke yanke abin da ke ƙasa da wajen 25 zuwa 30 Hz, wadda ba kowace amfilifaya ke da ita ba. A rufaffe iskar ciki tana nan tana tokare faifan komai saukar sautin. Bututu ƙofa ce kuma: ƙurar hunturu tana shiga, kyankyaso da tsaka suna shiga, zanzaro yana iya gina ɗakinsa a ciki ya rage faɗin bututun. Raga mai manyan idanu a bakin ciki tana rage wannan.

Wajen aiki kuwa, dukansu biyu suna son katako mai kaurin milimita 18, ko MDF ko filawud mai kyau. MDF ya fi sauƙin yanka da shafe fenti, amma yana kumbura idan ya sha laimar damina, don haka a shafe gefunansa da kyau, kada kuma a ajiye shi kai tsaye a ƙasan da ake gogewa da ruwa. A haɗa da gam da sukuru, a tokare bangon gefe biyu da katako a tsakiya, a bi duk mahaɗa da silikon daga ciki, a bar shi ya bushe sosai kafin a ɗaura wufar. Rufaffen ana cika shi sakwa-sakwa da audugar roba irin ta filo, wadda ke shanye amon ciki tana kuma sa wufar ta ji kamar akwatin ya ɗan ƙara girma. Mai bututu bangonsa kawai ake liƙa wa soso ko audugar, a bar hanyar bututun a buɗe. Don gane ko rufaffen yana yoyo, ka danna faifan a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarsa: idan ka ji iska tana tokare ka akwatin ya kamu, idan kuwa ya shige ba tare da turjiya ba, akwai inda iska ke fita, kuma galibi ta ramin waya ne ko ta ƙarƙashin bakin wufar.

Idan daga baya ka koma falo mai faɗi, ko ka ga fina-finai sun fi yawa a abin da kake kunnawa, to mai bututu ya cancanci wahalarsa, kuma wufarka za ta yi kyau a cikinsa. Kafin ka yanka katako ka zuba alƙaluman a manhajar WinISD, wadda kyauta ce, ka ga zanen sautin da nisan motsin faifan da gudun iskar bututu. Ka yanka bututun ya ɗan fi lissafi tsawo, kada ka sa masa gam tukuna. Sai ka kwantar da akwatin wufar tana kallon sama, ka zuba ƙwayoyin gero kaɗan a kan faifan, ka kunna amo guda-guda daga manhajar waya da ƙaramar murya, kana saukowa daga 60 Hz. Inda geron ya fi natsuwa alhali iska tana fita da ƙarfi ta bututun, nan ne saitinsa. Idan ya faɗa ƙasa da 35 Hz ka rage tsawon da santimita ɗaya ka sake gwadawa, har ya zauna inda kake so, sannan ka liƙe shi.