Yadda ake ba ɗalibai maki a Amurka, da inda ya bambanta da namu na Kaduna

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya ku da iyali. Ga bayanin da ka nema kan yadda ake ba da maki a makarantun nan Amurka.

A Kaduna mun saba da raba maki gida biyu: CA (gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango) 30 ko 40, jarrabawar ƙarshen zango 70 ko 60. A nan kuwa malamai da yawa tara maki suke yi tun daga ranar farko. Kowane aiki da farashinsa. Misali, aikin gida guda goma a kan maki 10 kowanne, ƙananan gwaje-gwaje biyar a kan 20, manya biyu a kan 100, sai aikin bincike ɗaya a kan 100. Jimilla 500 ke nan. Yaron da ya tara 430, a raba da 500, ya samu kashi 86.

Ma'aunin ya fi namu tsauri. A yawancin makarantu A daga 90 take farawa, B daga 80, C daga 70, D daga 60, ƙasa da haka an faɗi. Kashi 58, wanda a WAEC C5 ne har a yi hamdala, a nan F ne.

Babban tarkon shi ne sifili. A ce gwaji biyar ne, kowanne a kan 100. Yaro ya ci 90 a huɗu, na biyar bai kawo ba. Abin da ya tara 360 ne cikin 500, wato 72. Aiki ɗaya ya sauko da shi daga A zuwa C. Shi ya sa wasu gundumomin ilimi suka hana a rubuta ƙasa da 50, malamai kuma na ta cacar baki a kai. Wata matsalar, idan malami ya cika ba da ƙananan ayyuka, mai kwafar aikin gida sai ya wuce wanda ya fahimci darasin.

Abin da ya fi burge ni, iyaye na ganin makin a waya ta manhaja irin su PowerSchool da zarar malami ya shigar, ba sai ranar karɓar sakamako ba. Ba kasafai ake rubuta na ɗaya ko na biyu a katin aji ba.

Idan za ka gwada a ajinka, littafin rajistar maki ya isa, ba sai da manhaja ba. Ka dai sanar da yara makin kowane aiki tun farkon zango, kuma kada aikin gida ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na jimilla.