Gawo ko dogon yaro: wanne za a dasa a gefen lambu?

Malam, ka ce kana da lambu a bakin fadama wajen Aliero, kana son itacen da zai janyo ƙudan zuma da tsuntsaye ba tare da ya cuci shuka ba, kuma ka rasa zaɓi tsakanin gawo da dogon yaro.

Dogon yaro ɗan Indiya ne, kuma saurin girmansa ya sa kowa ke son sa: cikin shekara 3 zuwa 4 ka sami inuwa. Sai dai inuwar mai kauri ce, saiwarsa kuma tana bazuwa gefe tana kwasar ruwan kwami. Jemagu da tsuntsaye suna cin 'ya'yansa su yar da ƙwallon ko'ina, damina na sauka sai ka yi ta tuge 'yan tsiro. Babban amfaninsa maganin ƙwari ne. A daka busasshen ƙwallo rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a fesa bayan la'asar sakaliya lokacin da ƙudan zuma suka koma amya. Idan irinsa za ka shuka, kada ya wuce 'yan makonni, domin yana saurin mutuwa.

Gawo kuwa halinsa daban ne. Yana kaɗe ganye da damina, ya fitar da sabo da kaka, ya yi fure a farkon rani, daidai lokacin da furen ciyawa ya ƙare, ƙudan zuma na neman abinci. Saiwarsa ƙasa take nutsawa, tana kuma ƙara wa ƙasa taki, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili kyau. 'Ya'yansa abincin awaki da tumaki ne.

Ga inda ake yin kuskure. Wannan hali na gawo gero da dawa yake yi wa rana. Kai kuwa albasa kake yi da rani, lokacin da gawo ke cike da ganye, albasa kuma ba ta son inuwa. Don haka kada ya shiga tsakiyar kwamai, ka jera shi a kan iyaka, mita 10 tsakanin kowane biyu.

Ɓawon irinsa tauri gare shi. Ka ɗan kankare gefe da abin yanke farce ko wuƙa, ka jiƙa kwana ɗaya, ka shuka a leda mai tsawo. Bayan wata 3 zuwa 4 ka dasa, cikin Yuli idan ruwa ya zauna. In ya daɗe a leda saiwar ta nannaɗe, ba zai yi kirki ba. Ka kewaye shi da ƙayar magarya, don akuya ba ta raga masa, kuma shekarun farko a hankali yake tafiya.

A ganinmu, gawo a kan iyaka, dogon yaro ɗaya ko biyu can wajen bukka, nesa da kwami da kamar mita 15.