Maganin haske ko sa ido? Abin dubawa kafin a zaɓi hanyar magance sankarar furostat

Idan gwaji ya nuna sankarar furostat (furostat shi ne ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ba ta bazu ba, ana iya cire ƙullutun da tiyata, ko a yi gashi, wato ƙona ciwon da na'ura, ko a sa masa ido da gwajin jini na PSA (sinadarin da furostat ke fitarwa) da ɗiban tsoka lokaci-lokaci. Akwai kuma maganin haske, wanda ya fi su jan hankali.

Sunan maganin Tookad, an samar da shi a cibiyar Weizmann ta Isra'ila daga launin wasu ƙwayoyin halitta na ƙasan teku. Ana sa wa mutum maganin barci, a cusa siraran zaren gilashi cikin ɓangaren da ciwon yake, a ɗura maganin ta jijiya na minti 10, sannan a kunna hasken leza na kusan minti 22. Hasken ne ke tayar da maganin, ya toshe hanyoyin jinin wurin har naman ya mutu. Bayan haka sai an kwana biyu ana gudun haske mai ƙarfi.

A binciken da aka yi wa maza 413 a Turai, ciwon ya ƙaru a kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hasken, da kashi 58 na waɗanda aka sa wa ido. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017, amma ga masu ciwo mara tsanani kaɗai, a gefe ɗaya na furostat, PSA bai wuce 10 ba. A Amurka kwamitin ƙwararrun FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ya ƙi shi a 2020, ƙuri'a 13 da 2. Kuma shi ma yana iya raunana ƙarfin namiji.

A ganina, sa ido ne ma'aunin da ya kamata a fara gwada maganin haske da shi. Binciken ProtecT na Birtaniya ya bi maza 1,643 shekara 15, waɗanda ciwon ya kashe kusan kashi 3 ne, ko an yi tiyata, ko gashi, ko sa ido. Wanda zullumin zama da ciwon ya hana shi sakat, haske na iya jinkirta masa tiyata. Wanda nasa ya yi tsanani kuwa, tiyata da gashi ne ke da dogon tarihin nasara.

Kafin iyali su haɗa kuɗin fita waje, su tambayi likita makin Gleason na mara lafiyar, wato ma'aunin tsananin ciwon. In ya haura 6, ba ya cikin waɗanda Turai ta amince a yi wa.